Kuɗin ƙungiyarmu a asusun ma'aji suke: mu yi rajista ko mu bar kaza cikin gashinta?

Sakataren Unguwa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Iyayena da yayyena, shawara nake nema, ku yi haƙuri zan ɗan ja zance. Muna da 'yar ƙungiya a unguwarmu, nan cikin birnin Katsina ta wajen Ƙofar Marusa. Shekararta bakwai. Mu 58 ne a littafi, amma masu biyan kuɗin wata ba fashi ba su wuce 35 ba. Da ₦500 muke bayarwa, bayan cire tallafin mai a 2023 muka mai da shi ₦1,000 don ya daina isar komai. Aikinmu yashe kwatoci kafin damina, gyaran famfon tuƙa-tuƙa in ya lalace, cike kaburburan da ruwa ya zaftare, sai kuma in wani ya kwanta asibiti ba shi da hali mu kai abin da ya sawwaƙa.

To yanzu wani ɗan unguwar da ke aiki a ƙasar waje ya ce zai haƙa mana rijiyar burtsatse mai sola, har da tanki. Sharaɗinsa ɗaya ne: ba zai tura kuɗi asusun mutum ba, sai asusu mai sunan ƙungiya. Mu kuwa tun da aka kafa ta kuɗinmu a asusun ma'ajinmu suke. Dattijo ne mai shago, ba a taɓa kama shi da ko sisi ba. Na je banki suka ce in kawo takardar CAC, wato hukumar da ke yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista. Da na kai maganar taro sai wuri ya rabu biyu. Matasa na cewa a yi, dattawa na cewa ana zaune ƙalau za mu jawo wa kanmu gwamnati. Shi kuma ma'aji tun ranar da ƙyar yake amsa gaisuwata, gani yake na ce ba a yarda da shi ba. Yaya zan yi?

Mai Shagon Kwana:
Wa'alaikumus salam. Ƙanena, dattawanku sun fi ka gaskiya. Shekara bakwai kuna aiki ba wanda ya ji kanku, yanzu don an nuna muku tanki za ku ɓata da mutumin da ya riƙe muku amana? Ni duk ƙungiyar da na ga ta yi rajista a garin nan, abin da ke biyo baya riga mai tambari ce da taro a otal. A sayi shinkafa tiya biyu, a ɗauki hoto ɗari. In mai rijiyar da gaske yake, ya turo wa mai haƙa kuɗinsa kai tsaye mana.

Bagobirin Katsina:
Katsinawa ke nan. A ba ku rijiya kyauta ma sai kun yi taro uku. Ku turo mana ita Sabon Birni in ta yi muku nauyi.

Mai Shagon Kwana:
Kai bawa, manya na magana. Je ka ɗebo mana ruwan alwala.

Baba Tsohon Akawu:
Ɗana Sakatare, bari in ba ka labarin abin da na gani da idona, sai ka auna.

Wajen shekara ashirin da suka wuce muna da irin wannan ƙungiya a unguwarmu. Ma'ajinmu aminina ne, tare muka yi makarantar allo. Mutumin da ko goro ka ba shi ajiya, da ɗan ganyensa zai dawo maka da shi. Muna tara kuɗin katange maƙabarta, mun kusa kai abin da magini ya yanka. Ranar wata Laraba muka yi sallar La'asar tare, kafin Isha'i an ce Allah ya yi masa rasuwa. Ba jinya ba komai.

Bayan sadakar bakwai muka je wa iyalansa da maganar a hankali, cikin kunya. Kuɗin ƙungiya da na shagonsa a asusu ɗaya suke. Banki ya ce shi bai san wata ƙungiya ba, sunan mamaci ya sani, kuma ba mai taɓa kuɗin sai da takardar kotu. Magada goma sha ɗaya, cikinsu akwai marayu ƙanana. Babban ɗansa ya shiga ɗaki ya fito da wani littafin makaranta mai bango ja, duk ya sha jirwayen manja. Marigayin yana rubutawa, amma da ajami, kuma a shafi ɗaya za ka ga “kuɗin maƙabarta” a sama, “bashin sukari” a ƙasa. Watanni huɗu na ƙarshe ma bai rubuta komai ba, a ka yake riƙe da su. Muka zauna mu shida a zaure da fitilar ƙwai muna haɗa lissafi har dare ya raba. Ɗaya daga cikin matan ta ce daga bayan labule, ita ba ta hana a biya hakkin jama'a ba, amma wa zai rantse cewa abin da za a cire bai taɓa rabon 'ya'yanta ba? Ba wanda ya iya rantsewa. Mun karɓi kusan rabi muka yafe saura, don gudun cin dukiyar maraya. Katangar nan sai bayan shekara shida aka yi ta, ƙungiyar kuwa daga nan ta watse.

Ba wanda ya ci amanar kowa a labarin nan. Don haka kada ka je wa ma'ajinku da maganar yarda ko rashin yarda. Ka je masa da maganar mutuwa da magada. Dattijo ne, zai gane.

Maman 'Yan Biyu:
Innalillahi. Baba, jikina ya yi sanyi. Allah ya jiƙansa.

Lauyan Gida:
Allah ya saka wa Baba da alheri, ya riga ya faɗi rabin abin da zan faɗa. Bari in yi bayanin ita rajistar, don dattawan ma ba su yi ƙarya ba, tana da nauyi.

Dokar da ke kula da wannan ita ce dokar kamfanoni ta 2020, wadda ake kira CAMA, da marigayi Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Agustan shekarar. Ƙungiyoyi irin taku suna shiga ne a sashen amintattu. Za ku zaɓi amintattu, wato waɗanda za su tsaya wa ƙungiya da dukiyarta a idon doka, aƙalla mutum biyu. Yaro ba ya zama amintacce, haka wanda kotu ta kama da zamba ko rashin gaskiya a cikin shekara biyar da suka gabata. Za ku rubuta kundin tsarin mulki, ku kawo bayanin taron da aka zaɓe su. Sannan a buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Yawancin kuɗin da ake kashewa a wajen jaridun nan da lauya yake tafiya. Bayan takarda ta fito, bankuna galibi za su nemi lambar haraji da takardar SCUML, wato sashen da ke ƙarƙashin EFCC mai sa ido kan safarar kuɗin haram. Ita wannan kyauta ake yin ta ta intanet, kada wani ya karɓi kuɗinku da sunan EFCC.

Abubuwa uku nake so ka faɗa wa mutanenka tun yanzu, kar daga baya a ce an rufe su. Duk shekara sai kun kai wa CAC rahoto, in kuka bari ya taru akwai tara. Ba a raba kuɗin ƙungiya ga 'yan ƙungiya a matsayin riba, 'yan kwamitin gudanarwa kuma ba su da albashi, sai dai a mayar wa mutum abin da ya kashe daga aljihunsa. Na ƙarshe shi ne wanda ke ba mutane mamaki: ranar da ƙungiya ta rushe, abin da ya rage ba rabawa za ku yi ba, wata ƙungiya mai irin manufarku za a miƙa wa.

Amfaninta kuma: ƙungiya ta zama tana da suna a idon doka. Ta mallaki fili, ta buɗe asusu, ta kai ƙara, a kai ta. Ma'aji ya rasu ko ya yi fushi, kuɗi na nan.

Mai Shagon Kwana:
Barista, ai ka faɗi mai daɗin ka bar mai ɗacin. Ba wannan dokar ce aka yi ta hayaniya a kanta ba, cewa gwamnati za ta iya tsige shugabannin ƙungiya ta naɗa nata?

Lauyan Gida:
Ita ce, Alhaji, sashe na 839. A yadda aka rubuta shi a 2020, ya ba hukumar damar dakatar da amintattu a naɗa masu riƙon ƙwarya in an samu almundahana ko an karkatar da dukiya. Ƙungiyoyin addini, musamman na Kirista, sun yi ta suka a 2020. Amma mu faɗi gaskiya, ƙungiyar da ke tara ₦35,000 a wata tana yashe kwata, ba ita ce a gaban Abuja ba. Abin da na fi ji musu tsoro mantuwa da rahoton shekara.

Kuma akwai tsani kafin a kai can. Ana yi wa ƙungiyoyin unguwa rajista a ƙaramar hukuma, sashen ci gaban al'umma, da ɗan kuɗi kaɗan. Wasu ƙananan bankuna na buɗe asusu da wannan takardar. Ko ba komai, gobe ma mutum uku za su iya buɗe asusun haɗin gwiwa da sharaɗin sai biyu sun sa hannu kuɗi zai fita. Bai kai asusu mai sunan ƙungiya ba, amma ya fi inda kuke.

Ɗan Katsina a Abuja:
Ni fa ina mamakin yadda muke raina kanmu. Sakatare, ku yi rajista yau ba gobe ba. Shekarata tara ina aiki da ƙungiyoyin agaji. Akwai tallafin da ake ba ƙananan ƙungiyoyi, amma ba mai kallonka ba takardar CAC, ba asusu, ba rahoton mai binciken kuɗi. Mutanen wasu jihohi na kwasa, mu muna nan muna karo-karon dubu ɗaya. Jiha mai ƙananan hukumomi 34, ga 'yan gudun hijira daga Batsari da Jibiya da Safana sun cika gefen gari, a ce aikinmu ya tsaya a kwata? Ku yi rajista, ni zan koya muku rubuta takardar neman tallafi kyauta.

Baba Tsohon Akawu:
Ɗana na Abuja, an gode da tayi. Amma in tambaye ka: a Janairun 2025 da Trump ya dakatar da tallafin Amurka, daga baya aka rufe hukumar USAID ɗungurungum, ofisoshi nawa ka sani da suka sallami ma'aikata?

Ɗan Katsina a Abuja:
Da yawa, Baba. Ni kaina wata biyar na yi a zaune.

Baba Tsohon Akawu:
To a wata biyar ɗin nan yaran nan ba su fasa yashe kwatarsu ba. Ba gori nake maka ba, Allah ya sani. Dubu ɗayan da kake rainawa ba ta jiran sa hannun kowa a Washintan. Na ga ƙungiyar da ta fara da gyaran makarantar unguwa, da ta ɗanɗana kuɗin waje sai ta koma bin abin da mai kuɗi ke so. Bana wayar da kai kan zaɓe, baɗi sauyin yanayi, baɗin waccan wani abu daban. 'Yan unguwa suka daina biyan kuɗin wata, suka ce ai Turawa na ba ku. Da kuɗin suka ƙafe, ba Turawa ba 'yan unguwa. Rufin makarantar har yau yana yoyo.

Ɗan Katsina a Abuja:
Na yarda akwai irin wannan. Amma Baba karo-karo ba zai gina asibiti ba. Kowanne da wurinsa.

Nas Mai Dare:
Ku bar ni in sa baki, yanzu na sauka daga aiki. Ni a ɗakin yara nake. Yayana na Abuja yana da gaskiya ta wani ɓangare. Ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta sanar cewa a wata shida na farkon 2025 kaɗai yara 652 suka rasu a cibiyoyinta na jihar nan saboda tamowa. Wannan ba aikin dubu ɗaya-ɗaya ba ne, sai manya.

Amma ga abin da manyan ba sa iya yi. Ƙarfe biyun dare a kawo mai haihuwa jini ya ɓalle mata, ko yaro mai sikila ya yi fari fat. Mijin ya zo daga ƙauye da ɗan abin da bai kai kuɗin mota ba. Wa muke kira? Wasu samari ne masu zauren WhatsApp, sun rubuta sunan kowa da rukunin jininsa da ranar da ya bayar na ƙarshe, don sai an yi kamar wata uku ake sake ɗibar namiji. Kafin rabin awa sai ka ga yaro ya zo a kan mashin da silifas, ya kwanta a ɗiba, ya sha lemo ya tafi, ko sunan matar bai tambaya ba. Ba su da ofis, ban ma san ko suna da rajista ba. Haka 'yan agajin ƙungiyoyin addini masu kaki, su ne ke tura keken marasa lafiya, su kwana da wanda ba shi da ɗan jinya. Lokacin ambaliyar Jibiya ta Yulin 2018, wadda ta ci sama da mutum 40, wa ya fara shiga neman mutane in ba 'yan gari ba?

Ni dai roƙona ga duk mai ƙungiya, ku riƙe abu ɗaya ku iya shi. Masu jinin nan jini kawai suka sani, shi ya sa ba su taɓa ba mu kunya ba.

Maman 'Yan Biyu:
Sannu da aiki 'yar uwa. Tunda an taɓo tamowa, mu ma muna da tamu ƙungiyar ta mata a Sabuwar Unguwa, daga adashi ta samo asali. Mu ashirin da huɗu. Duk kwasa sai mai kwasa ta bar ₦500 a gwangwani. Da shi muke sayen gero da waken suya da gyaɗa, mu soya, mu kai inji, mu ƙulla a leda mu kai wa matan da suka gudo daga ƙauyuka suna zaune a kangaye, su riƙa dama wa yara kunu. Yaron da ya riga ya kumbura kuwa ba ma wasa, asibiti muke cewa a kai shi.

Abin da nake so in faɗa wa Sakatare: mu ba mu da banki, amma duk ranar zubi sai an juye gwangwanin nan a tabarma an ƙirga a gaban kowa, wata ɗiyata 'yar sakandare ta rubuta, mata biyu su dangwala. Uwar adashinmu ce ma ta kawo tsarin, ta ce ba ta son ranar da za a yi da ita a gidan biki. Ku maza kuna karanta lissafi a taro kuwa, ko kunya ake ji?

Sai tambaya ta biyu. Rijiyar nan wa zai fi ɗibar ruwanta? Mu da yara. A cikin 58 ɗin naku mata nawa ne?

Sakataren Unguwa:
Hajiya kin kama ni. Babu ko ɗaya. Lissafi kuma sau ɗaya a shekara ake faɗa, da baki, bayan Sallah ƙarama. In ka ce a nuna takarda sai a ce ba ka da kunya.

Maman 'Yan Biyu:
Ai ka ji. “Kunya gare ku ba dai tsoro ba” kirari ne mai daɗi, amma ba a wajen kuɗin jama'a ba.

Malam na Zaure:
Bismillah. Hajiya ta yi daidai, kuma ba baƙon abu ta kawo ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma Sahabbai aka fara faɗa wa, waɗanda suka fi mu amana. Wanda aka ce ya rubuta ba a zarge shi ba.

Ina so in ja hankali kan abu biyu da ƙungiyoyinmu ke sakaci da su. Kuɗin da ke shigowa ba iri ɗaya ba ne. Zakka tana da mutanenta takwas da aka lissafa a Tauba, aya ta 60. In attajiri ya ba ku zakkarsa ku raba, ba ku da ikon sayen siminti da ita ku gyara kwata, a mazhabarmu ta Malikiyya ko masallaci ba a ginawa da ita. Sadaka da kuɗin wata su ne masu faɗi. Saboda haka littafi ya zama da shafi daban-daban. Wanda ya ba da don marayu, marayu za a ba.

Ita kuma rijiya, ku ba mai ita shawara ya yi ta wakafi a rubuce, da shaidu, da sanin mai unguwa. Asalin abin sananne ne, Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a. Ku tambayi kanku: filin da za a haƙa ta na wane ne? In a ƙofar gidan wani ne da yardar baki, ranar da ya rasu magada suka sayar da gidan, labarin Baba zai maimaita kansa, wannan karon da tanki a sama.

Mai Shagon Kwana:
Allah ya gafarta Malam, a taɓo mana maganar hoto. Ni ita ce ke ci mini rai. Da azumin bara wasu samari suka zo layinmu rabon kayan abinci. Akwai wata baiwar Allah da mijinta ya rasu, mace mai kamun kai, ko gidan maƙwabta ba ta shiga roƙon gishiri. Aka fito da ita ƙofar gida, aka ɗora mata ledar taliya a hannu, aka ce ta ɗago kai. Tana jan mayafi tana rufe fuska, mai waya na cewa “Mama a ɗan buɗe.” Kafin Magariba tana Facebook. Washegari yaran layi na tsokanar ɗanta a makaranta. Wallahi da ta san haka ne da ta kwana da yunwarta.

Malam na Zaure:
Wannan cutarwa ce, Alhaji, kuma a Baƙara ɗin dai aka hana ɓata sadaka da gori da cutarwa. Bayyana sadaka ya halatta in don a kwaɗaitar da wasu ne. Amma kayan za a nuna, ba fuskar mai karɓa ba.

Ɗan Katsina a Abuja:
A nan kam ba ni da ta cewa. Sai dai ku sani wanda ya turo kuɗi daga nesa yana son shaida. Mafita ita ce a ɗauki hoton kaya da rasit, mai unguwa ko liman ya sa hannu cewa an raba. Manyan ƙungiyoyin kirki ma ba sa ɗaukar mutum sai da izininsa.

Badauri:
Gaisuwa daga Daura ta Abdu, tushen Hausa. Mu da muke da Kusugu ai mu za a tambaya zancen rijiya. Duk kun tsaya a yadda kuɗi za su shigo, ba wanda ya tambayi ranar da injin zai ƙone.

Mu an yi mana irinta shekara huɗu da suka wuce. Wata goma sha huɗu muna shan ruwa kamar a mafarki, sai injin cikin rijiyar ya tsaya. Kuɗin sabo ya fi abin da muke tarawa a wata shida. Wanda ya gina ya ce shi ya yi nasa. Tanki ya zauna wata bakwai a bushe, har ɓarayi suka kwance faranti biyu na sola. Da muka farfaɗo da ita sai muka sa doka: 'yan garuwa masu kura su biya kan kowace jarka, gidaje su ba da abu kaɗan a wata, marayu da tsofaffi kyauta. Aka sa wani dattijo mai gadi yana samun na cefane a ciki. An yi surutu, wai mun mai da sadaka kasuwa. Amma da injin ya sake tsayawa bana, kwana uku aka yi aka gyara.

Ka zagaya garuruwanmu ka ƙirga tankunan da ke tsaye ba ruwa, da sunan wanda ya gina a jiki da manyan baƙaƙe. Sakatare, kafin ku karɓi kyautar nan ku zauna ku amsa: wa zai kunna, wa zai kashe, wa zai yi gadi, da me za a gyara.

Sakataren Unguwa:
Kawu, wallahi ko sau ɗaya ba mu yi wannan maganar ba. Mu dai murna muke.

Mai Shagon Kwana:
Saura 'yan siyasa. Zaɓen 2027 na matsowa. Ranar da aka ga kuna da takarda da tanki, za a zo da kujerun roba hamsin da buhun shinkafa a ce kyauta ce. Daga nan rabinku na wannan jam'iyya, rabi na waccan, shi ke nan an gama da ku.

Baba Tsohon Akawu:
Wannan ko ba rajista suna zuwa, Alhaji. Maganinsa a rubuta a kundi: duk shugaban da zai tsaya takara ko zai yi wa wani kamfe ya ajiye muƙaminsa tukuna. Kyauta kuma in an kawo a karɓa a gaban kowa, a rubuta, ba a liƙa hoton kowa a jikin tanki ba. In ya ji sharaɗin ya fasa, kun san abin da ya kawo shi.

Kuma ku daina ganin abin nan kamar Turawa suka koya mana. Muna yara ana gayya, a yi wa tsoho noma a wuni ɗaya, a yi yaɓen masallaci, ladan kowa fura. Abin da ya canza, da ƙarfi ake tarawa, kowa na ganin wanda ya zo da wanda ya noƙe. Yanzu kuɗi ake tarawa, su kuwa a aljihu suke shiga.

Sakataren Unguwa:
Salam jama'a, na dawo da labari bayan kwana biyar. Na bi shawarar Baba. Ban je ni kaɗai ba, na roƙi limaminmu ya raka ni bayan Isha'i. Liman ya ba shi labarin littafi mai bango ja, bai ƙara komai ba. Ma'aji ya yi shiru ya daɗe, sannan ya tashi ya buɗe durowar shago ya fito da nasa littafin. Shi ma haka yake, kuɗinmu da na masu bashin omo a shafi ɗaya. Ya ce shekara biyu ke nan abin na hana shi barci, amma yana tsoron in ya ce a karɓa a ce ya ci wani abu ne yake neman tsira. Ya ce abin da ya ɓata masa rai, a gaban yara na tayar da maganar ban same shi a gida ba. Na ba shi haƙuri, don a nan kam ni na yi wauta.

Abin da aka tsayar a taron jiya: za a buɗe asusun mutum uku cikin makon nan, shi ne na farko a sa hannu. Za mu fara da takardar ƙaramar hukuma. Ta CAC kuma mai rijiyar ya ce zai biya kuɗin jarida da lauya, amma dattawa biyu har yanzu ba su yarda ba, sun ce sai an karanta musu kundin da Hausa layi-layi. Za a riƙa karanta lissafi duk wata. Maganar fili ta fi wuya, don ashe inda muke nufi na wasu magada ne su tara, uku ba sa gari.

Maganar sa mata a kwamiti kuwa, Hajiya, na kawo ta, aka yi kamar ba a ji ba.

Maman 'Yan Biyu:
Za su ji ranar da aka rasa mai karɓar kuɗin wata a cikin gidaje. Kai da kake namiji za ka shiga gidan mutane ne? Ka sake kawowa a taro na gaba, ka ce inji ni.

Lauyan Gida:
Madalla. Turo mini kundin in fassara muku, ba sai kun biya ba. Kafin nan duk wanda za a sa a amintattu ya duba sunansa na katin ɗan ƙasa ya yi daidai da na banki. Wani Muhammadu ne a nan, Mamman a can, wannan kaɗai sai ya riƙe ku wata biyu. Filin kuma kada a sa ko diga sai magada taran sun sa hannu.

Mai Shagon Kwana:
Ni dai har yanzu ina kan bakana game da CAC. Mu haɗu nan da shekara biyu mu ga wa ya tuna da rahoton shekara. Amma a gaida ma'aji, ya yi dattako.

Badauri:
Sakatare, in mai haƙa ya zo ka tsaya a kansa ya rubuta maka zurfin rijiyar da ƙarfin injin da ya zura, ka adana takardar. Mu ba mu yi ba, da za a sayi sabo sai da aka zaro tsohon aka kai shi kasuwa a bayan mashin ana gwadawa.